Gilashin da Shiru Ya Manna a Bango

Shiru ake kiransa, kuma ba shi ya zaɓa wa kansa sunan ba. Tun yana ƙarami yake da in'ina, irin wadda idan kalma ta maƙale masa sai jijiyar wuyansa ta tashi, mai sauraro ya rasa inda zai sa idonsa. Yaran makaranta suka yi ta kwaikwayonsa har ya ga rufe baki ya fi masa sauƙi. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, ita ta ɗauke masa nauyin magana. Da ya fara "ina s-s-s…" sai ta ƙarasa, "Ruwa yake so." Wani lokacin ma ba ruwan yake so ba, amma sai ya karɓa ya sha. A haka aka yi shekara arba'in da shida.

Sana'arsa yankan gilashi, a wani ɗan shago bayan layi biyu daga gidansu. Sana'a ce da ta dace da shi: ka kawo awon tagarka, ya rubuta, ya ja layi, ya danna da babban yatsa, gilashi ya rabu ƙas. Aure kuwa bai yi ba. Inna ta taɓa raka shi wajen wata yarinya sau ɗaya, yarinyar ta ce ita ba za ta auri mutum biyu ba.

Gidan hayar da suke ciki bene ne hawa uku, iyali goma sha ɗaya. Shekaru biyu da suka wuce mai gidan, wanda ba wanda ya taɓa gani, ya sa aka ɗora hawa na huɗu, aka kuma aza manyan tankunan ruwa biyu a samansa. Shiru da Inna suna hawa na uku. Gwiwoyin Inna sun daɗe da ƙin matakala, ta fi shekara rabonta da taka ƙasa.

Abin ya fara ne daga tagar Mai Ɗinki, wata bazawara mai baki kamar reza da ke zaune a hawan ƙasa. Wata safiya ta tare shi a bakin ƙofa.

"Malam Shiru, zo ka ga aikinka! Gilashin da ka sa mini ya tsage, ko ƙuda bai sauka a kai ba."

Ya shiga ya duba. Mai yankan gilashi ya san tsagar dutse, takan bazu daga tsakiya. Wannan daga kusurwa ta taso, ta tafi a karkace. Katakon tagar ne ya matse gilashin, katako kuwa ba ya matsewa haka kawai sai in bango ne ya danne shi. Ya tuna ƙofar ɗakinsu da ta fara cijewa a watan nan. Ya zaga ƙarƙashin matakala, inda ake jibge tsofaffin bokitai, ya haska da wayarsa. Ga tsaga nan a jikin babban ginshiƙi, siririya kamar gashi, ta hau sama ta ɓace cikin duhu.

Tsohon maigidansa na shago ya taɓa nuna masa wata dabara. Ka yanko gilashi siriri mai tsawon yatsa, ka manna shi da gam a gicciye a kan tsaga. Idan bangon ya tsaya, gilashin zai zauna shekara. Idan yana motsi, ko da ido bai gani ba, gilashin zai karye, domin ba ya iya miƙewa. Shiru ya manna ɗaya, ya rubuta kwanan wata a gefe da fensir. Kwana tara ya karye. Ya manna na biyu, kwana shida.

Ya rubuta takarda ya kai wa Wakili, mutumin da ke kula da gidan a madadin mai shi. Wakili ya karanta, ya yi murmushi, ya dafa kafaɗarsa kamar yaro. Washegari aka zo da siminti da fenti aka shafe tsagar tas. Kai, mutane! Wai an gyara. Shiru ya manna na uku a kan sabon fentin, kwana huɗu ya tarar da shi gida biyu.

Ranar ya kasa cin abinci. Inna ta matsa masa, ya yi ta fama, ita tana ƙarasawa tana kuskure, har dai ta gane. Ta yi tagumi ta dubi ƙafafunta.

"To ni ce zan sauka in faɗa musu, ɗana? Da wace ƙafar?"

Tsoro ya kama shi iri biyu, kuma wallahi a lokacin bai san wanne ya fi girma ba: bene ya rufta da Inna, ko ya tsaya gaban mutane ya buɗe baki.

Duk ƙarshen wata mutanen gidan kan taru a tsakar gida su yi gardamar shara da layin ɗiban ruwa. Shiru bai taɓa zama ba. Wannan karon ya zo, ya tsaya jikin bango. Da aka fara shirin tashi sai ya ɗaga hannu.

"G-g-g…"

Wani ya tuntsire da dariya. Wani ya ce, "A kira Inna ta fassara mana mana." Ƙafafunsa suka ce ya gudu, amma sai ya zaro guntayen gilashin nan daga aljihu ya jera a kan benci, da kwanakinsu a rubuce: tara, shida, huɗu. Mai Ɗinki ta sunkuya ta duba, ta tuna tagarta, fuskarta ta sauya.

"Ku rufe mana baki," in ji ta. "Ku bar bawan Allah ya gama, ko zai kai gobe."

Maganar da wani zai yi cikin minti biyu, ta ɗauke shi kusan rabin awa. Ya ce gidan yana motsi. Ya ce kwanakin suna raguwa. Ya ce shi kaɗai ba zai iya gadin bango ba, yana wuni a shago. Wakili ya ce surutun banza ne, za a turo injiniya, wanda ya ga dama ya tashi ya nemi wani gida. Ina za su? Kowa ya san samun ɗaki a garin nan ba wasa ba ne. Aka watse, ba wanda ya ce zai tashi.

Amma mata huɗu suka tsaya, da wani direba da ke hawa na biyu. Shiru ya koya musu yadda ake goge bango, yadda ake ɗiga gam a gefe biyu kawai, yadda ake rubuta rana. Mai Ɗinki ta yanke a yatsa a karon farko ta zage shi tas, ta kuma sake gwadawa. Kowane hawa ya samu gilashinsa da mai dubawa. Suka yi magana ɗaya: ranar da gilashi ya karye a wunin da aka manna shi, kowa ya fita, ba ɗaukar kaya. Suka raba wa zai riƙo yaran wa. Direban ya ce shi da ƙaninsa za su sauko da Inna a kan kujera, har suka gwada sau ɗaya, Inna tana salati tana dukan kansa da mafici, ana ta dariya. Shiru bai yi dariya ba, a ranar gilashin hawan ƙasa kwana biyu kawai ya yi ya karye.

Daga nan gidan ya koma wani iri. Yashi ya riƙa zubowa kan matakala, a share da safe a tarar da shi da yamma. Ɓerayen da suka addabi kowa suka ɓace, aka rasa mai murna. Yara suka daina tsalle a sama ba tare da an hana su ba.

Wata Talata da hantsi yana shago, ya ɗora abin yanka a kan layi, wayarsa ta yi ƙara. Mai Ɗinki ce, muryarta ba zagi ko ɗaya.

"Na manna da safe. Kafin in gama sa zare a allura ya karye, a kunnena."

Bai rufe shagon ba. Ya iso yana haki ya tarar da kowa a tsallaken titi, yara a hannu, wata da kumfar sabulu a kai. Inna tana zaune a kan kujerarta a inuwar wani kanti, tana ƙifta ido don hasken da ta manta da shi. Sun yi komai ba tare da shi ba. Ya durƙusa ya riƙe ƙafarta.

Gidan kuwa yana tsaye abinsa. Awa ɗaya, awa biyu, rana ta take. Yara suka fara kukan yunwa. Aka fara gunaguni: wannan ya bar tukunya, wancan takardun makaranta, ita kanta Mai Ɗinki tana satar kallon tagar da keken ɗinkinta yake. Sai ga Wakili a kan babur, ya sauka yana faɗa.

"Haba jama'a! Ku da hankalinku, mai yankan gilashi ya mayar da ku abin kallo a titi? Injiniya zai zo mako mai zuwa. Kowa ya koma ɗakinsa!"

Mutane suka fara tsallaka titi. Shiru ya ji kunya ta rufe shi, domin shi ma ya fara shakka. In gidan ya ƙara shekara goma fa? Da wane ido zai dube su? Amma ya ga wata mata ta saɓa jaririnta ta nufi ƙofa, ya ga direban ya sunkuya zai ɗauki kujerar Inna. Bai san lokacin da ya riga su ba. Ya tsaya a bakin ƙofar benen, ya ware hannuwansa ya dafe gefe da gefe. Bangon yana da ɗumi, kuma a tafin hannunsa ya ji wani ɗan kaɗawa.

"B-b-b…"

Kalmar ta maƙale. Jijiyar wuyansa ta tashi. Daga tsallake Inna ta buɗe baki, kamar yadda ta saba shekara arba'in da shida, sai ta sa tafin hannu ta toshe bakinta da kanta. Titi ya yi tsit, ba mai dariya.

"B-ba… ba wanda z-zai shiga. S-sai dai ya t-ture ni."

Yashi ya zubo masa a ka, ya gangaro kan hancinsa. Can sama wani abu ya ce ƙas. Sai wani, sai wani. Tagogin ne, waɗanda ya sa da hannunsa, suna karyewa ɗaya bayan ɗaya daga hawa na huɗu zuwa ƙasa, kuma ya san ɗakin wa ke bayan kowace. Mai Ɗinki ta fizgo rigarsa ta baya, direban ya ja matar mai jariri, Wakili ya bar babur ɗinsa a yashe. Ba su gama tsallaka titi ba matakalar ta rufto ciki da wani irin ruri, ƙura ta feso ta ƙofar da yake tsaye yanzun nan.

Aka ƙirga kai sau uku, kowa na nan. Shiru ya dawo gaban Inna fari fat da ƙura, ya durƙusa. Ta sa gefen mayafinta tana goge masa fuska, hawaye na zubo mata.

"Ɗana," ta ce, "ashe duk shekarun nan ban taɓa jin ƙarshen maganarka ba."

Ya buɗe baki zai amsa, kalmar ta maƙale. Ta naɗe hannuwanta a cinya, ta jira.