Ranar da Kaka Ta Yi Tatsuniya da Rana

A unguwar Jarwal ta Makka na girma, a wani tsohon gida da yanzu ko tubalinsa babu, otal ne ya miƙe a wurin. Da an sallame Magariba sai mu yara mu ruga saman soro, inda Kaka Hajiya Asabe, mahaifiyar babana, ke hura gawayi a kasko. Makka ba garin sanyi ba ne, wutar ta shayi ce kawai, amma ba ta buɗe baki sai garwashi ya yi ja. Tun tana ƙarama iyayenta suka taho da ita daga Kano, ta tsufa a nan, amma Larabcinta bai taɓa wuce na sayen albasa ba.

Tana da tata hanyar buɗewa. Sai ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa, wa zai tare ta?" Mu kuma mu haɗa baki, "Ta shigo, mun yi mata shimfiɗa!" In ba mu amsa da ƙarfi ba sai ta ce baƙuwar ta yi fushi ta koma.

Doka ɗaya ce ba ta wasa da ita: ba a tatsuniya da rana. Ni kuwa naci ne da ni kamar ƙuda. Nakan bi ta har kicin da hantsi ina roƙo, ta ɗaga ludayi ta ce, "Ke Rabi, so kike in ɓata a kasuwa? Duk wanda ya yi tatsuniya da rana ɓata yake yi, ya kasa gane hanyar gida." Da gaske take, ba tsoratar da ni take yi ba. Haka uwarta ta faɗa mata, kuma a garin da mahajjata ke ɓata kullum, ba ta ga abin dariya a ciki ba.

Wadda na fi so ita ce ta tsamiya mai magana. Wai a wani gari akwai tsohuwar tsamiya da ta san duk hanyoyin duniya. Kowace yamma mutane kan zauna a gindinta tana faɗa musu inda rijiya take, inda kura ke kwana, da hanyar da ke dawo da mutum gida. Da garin ya yi arziki sai suka ce bari su kyautata mata. Suka kewaye ta da katanga, suka ɗauki mai ba ta ruwa, suka zuba mata taki. Zama a gindinta ne dai suka daina, kowa na da abin yi. Tsamiya ta jira ta gaji. Rannan da tsakar rana awaki suka shigo shan inuwa, sai ta kwashe hanyoyin nan kaf ta faɗa musu. "Shi ya sa," in ji Kaka tana juya garwashi, "akuya ko ina ta je kiwo sai ta dawo gida, ɗan Adam kuwa sai ya yi tambaya." Mu dai dariyar awakin muke yi, har a kira Isha.

Yanzu Kaka tana wurina a unguwar Shisha, a bene, ɗakinta da na'urar sanyi da komai. Ni ina aiki a kantin magani, maigidana yana tuƙi, yarana Huda da Anas suna makaranta. Da na ga tana wuni ita kaɗai tana kallon bango, sai na kai ta wani markaz, wato cibiya, na tsofaffin mata da wata ƙungiyar agaji ta buɗe a unguwarmu. Daga safe zuwa Azahar ana koya musu karatu da haddar gajerun surori, a auna musu jini, su ɗan motsa gaɓoɓi a kan kujera, su sha gahawa. Wuri ne mai kyau, ba ni da abin cewa a kansu. Na riƙa yabon kaina a gaban dangi cewa na samo wa Kaka abokan hira.

Abin da ba na faɗa shi ne yadda yammacinmu yake. Ina dawowa a gajiye, in miƙa mata abinci da magani, in ce, "Kaka, akwai abin da kike so?" tun ƙafata ɗaya tana waje. Yara kuma su leƙa su ce, "Kef halik ya Sitti," wato yaya kike Kaka, su sumbaci goshinta su koma kan waya. Hausarsu ba ta wuce "sannu" da "na ƙoshi" ba, kuma ni ce ban koya musu ba.

Makon jiya na tashi aiki da wuri, na ce bari in ɗauko ta da kaina. Malamar da ke kula da su, Abla Samira, ta tare ni a ƙofa da murna. "Kakarki ta ba mu mamaki," ta ce da Larabci. "Muna da lokacin labaran da, kowa ta kawo na garinsu. Tun tuni muke roƙonta tana ƙi, yanzu kuwa ba ta fashi."

Na leƙa. Rana tsaka, hasken taga ya cika ɗakin, ga Kaka a kan kujera ta ɗaga hannu tana yin muryar tsamiya. A gabanta tsofaffi ne 'yan asalin Yaman da Jawa da Bukhara, babu mai jin Hausa ko ɗaya. Sun dai zuba mata ido, in ta yi dariya su yi. Kunya ta kama ni.

A mota na kasa haƙuri. "Kaka, da rana? Ba kya tsoron ɓata?"

Ta gyara mayafinta. "Ina tsoro mana. Kullum sai na yi addu'a kafin in fara."

"To me ya sa?"

"Ya binti, 'yar nan, yamma nawa na jira ku zo? Tatsuniyoyin sun fara zube mini. Jiya sunan garin tsamiyar na nema na rasa." Ta ɗan yi murmushi. "Kada dai ki ce wa ƙawayena awaki, mutanen kirki ne."

 Ni ce na gina katangar, na ɗauki mai ba da ruwa, ina jiran a yaba mini.

A ranar, bayan Magariba, na karɓe wayoyin yara, na zaunar da su a ɗakinta. Gawayi ba ya yiwuwa a bene, sai na kawo shayi a fulas. Kaka ta dube su, fuskarta ta washe, ta gyara murya.

"Ga baƙuwa a ƙofa, wa zai tare ta?"

 Anas ya waiwaya yana duban ƙofar ɗakin, ko wani ne ya zo. Huda ta taɓo ni ta ce a hankali, "Mama, esh tigul?" Wato me take cewa.

Ni kaɗai na amsa, da muryar da ba ta fita sosai ba. Kaka ta jira ko za a ƙara, kamar yadda take yi a saman soro. Da ba a ƙara ba, wannan karon ba ta ce baƙuwar ta yi fushi ba. Ta fara kawai.