Ya Mairam da Daɓen Siminti

Shekara talatin da ɗaya Ya Mairam ta yi tana daɓe a Mamudo kafin ta dawo Potiskum wurin ɗanta. Takan baza ƙasa da tsakuwa, ta yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, ta durƙusa da madaɓinta na ice ta yi ta bugu har wuri ya yi santsi. Ɗaki ɗari da goma sha huɗu ta daɓe, babu wanda ya tashi. Iliminta guda ne kuma bai taɓa ba ta kunya ba: daɓe in ya fara tsagewa, a jiƙa shi a sake bugu, bakin tsagar ya haɗe.

Ɗan nata Kashim direban motar shanu ne. Shekara takwas ya yi yana gina falo da ɗaki biyu a unguwar Yindiski. Ana nan aka sayar da gidan da suke haya, aka ce Juma'a ta sama su fita, ga su mutum tara. Ranar Alhamis Zarami magini ya zuba daɓen siminti da buhu goma sha ɗaya, babu saura ko ɗaya. Kashim zai tafi kudu da lodi, ya ce mata, "Iya, ruwa kawai za ki zuba. Jarka shida da safe, shida da yamma."

Zafin Afrilu ake yi. Washegari da hantsi ta leƙa falo ta ga tsaga bakwai, sirara kamar gashi. Shekara takwas ta yaron nan, a hannunta za ta lalace? Ta koma gida ta zaro madaɓi daga ƙarƙashin gado.

Ta jiƙa, ta buga. Bakwai suka zama goma sha tara. Ta ce ruwa ne bai isa ba, ta ƙara jarka huɗu, ta ƙara ƙarfi, har la'asar. Asabar ta shiga ɗakin farko. Lahadi kafaɗarta ta ƙi ɗaguwa, kuma daɓen ya fara ɓallewa ɓawo-ɓawo. Ta daina ƙirga a tsaga ta sittin. Da ƙafa ta tafi neman Zarami, ta ma manta takalmanta a bakin ƙofa.

Zarami ya tsuguna yana ƙwanƙwasa falon da ƙotar guduma. Ko'ina amon ƙwarya yake yi.

"Iya, shanu suka shigo nan?"

"Ni ce."

"Ke kaɗai? Da za ki yarda da na ɗauke ki aikin rusau."

"Ɗan nan, bar wasa. Ka gyara kafin Kashim ya dawo, don Allah don Annabi."

Ya daina dariya. "Siraran nan da kika gani ba komai ba ne, ruwan siminti ake damawa a shafe su. Amma kin buge shi yana ɗanye, ya rabu da abin da ke ƙarƙashinsa. Ko na shafe, wata biyu ya farfashe. Sai an ɓare an sake zubawa. Buhu takwas."

"Babu takwas. Babu ɗaya."

Ta zauna a kan bulo, ta rufe fuska da gyale. Zarami ya wuce ɗaki na biyu, wanda hannunta bai kai gare shi ba. Ya buga kusurwa huɗu da tsakiya, sau biyar, amo ɗaya mai nauyi.

"Wannan lafiyarsa ƙalau. Allah ya taimake ku kafaɗarki ta gaji."

Da kanta ta kira Kashim ta faɗa masa, ba ta rage komai ba. Da ta gama, tambaya ɗaya ya yi mata.

"Iya, hannun fa?"

Ranar Juma'a suka tare. Mata da yara, mutum bakwai, a ɗaki ɗaya. Kashim da babban ɗansa suka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Falo da ɗakin farko an toshe ƙofarsu da kwano, sai ranar da aka samu siminti.