Tanti Salamatu ta samu biza, ta tafi koyar da Ingilishi

Jama'a, yau da safe labarin ya same ni.

Ina bisa zem, babur ɗin haya, zan tafi aiki unguwar Ganhi a nan Cotonou, sai waya ta yi ƙara. Alhaji Ɗanjuma ne, wan Tanti Salamatu, mai manyan motocin nan da ke ɗaukar kaya zuwa arewa. Mutumin nan bai taɓa kirana ba tunda nake. Na ce wa mai zem ya tsaya.

"Hadiza, kina jina? Malamarku ta sauka lafiya."

"Ta sauka ina, Alhaji?"

"Ina kuwa? Can inda ta ce za ta! Biza ta fito. Jiya muka kai ta filin jirgi. Yanzun nan ta kira, har mutanen makarantar sun zo sun ɗauke ta da mota."

Wallahi ihu na yi a bakin titi. Wata mai sayar da burodi ta ajiye tirenta ta zo tana tambayata da Faransanci ko rasuwa aka yi min. Na ce mata a'a Maman, alheri ne. Na rungume ta, ban ma san ta ba.

Ba zan faɗi sunan ƙasar ba, don ta ja min kunne tun tuni. Ku dai sani da nisa, kuma ana sanyi.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Tanti Salamatu ita ce ta koya min Ingilishi a koleji. 'Yar unguwarmu Zongo ce, nan aka haife ta, nan aka haifi babanta. Mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, atamfa take sayarwa a kasuwar Missèbo tsakanin 'yan Najeriya, a nan kunnen Tanti ya fara kama Ingilishin kasuwa tun tana ƙarama. Daga baya ta tsallaka Najeriya ta yi jami'a, ta dawo gida ta kama koyarwa. Rabin 'yan unguwarmu da ke iya amsa waya da Ingilishi yau, ta hannunta suka bi.

A aji "Madam Again" muke ce mata, amma a ɓoye. In ka karanta jimla ba daidai ba, ba za ta zage ka ba, ba za ta ɗauki bulala ba. Sai ta harɗe hannu ta ce, "Again." Ka sake. "Again." Har sai ta fito.

Ni a lokacin i'ina nake yi in na tsorata. Ranar da 'yan aji suka yi min dariya, sai ta ci gaba da darasinta. Da aka tashi sai ta ce in riƙe mata jaka in raka ta. Tun daga ƙofar makaranta har gidansu muna tafe tana sa ni karanta allunan shaguna. Haka muka riƙa yi har ƙarshen shekara.

Ranar da zan je intabiyu a wannan biro, wato ofishin da nake aiki yanzu, takalminta na sa, don nawa ya tsinke a ƙofar gida. Ta raka ni har Ganhi da silifas ɗin wanka, ta tsaya a waje cikin rana har na fito.

Da ɗana ya kwanta asibiti, kullum sai ta zo da kunu a fulas.

Kuma har gobe in na yi kuskuren Ingilishi a wani fos da na sa a intanet, ba ta taɓa gyara ni a gaban mutane ba. Sai in ga saƙo ya shigo ta bayan fage: "'Yata, duba layi na biyu."

To, bayan rasuwar mijinta, da yaranta biyu suka kawo ƙarfi, sai ta ce tana so ta ga yadda ake koyarwa a wata duniyar. Ta doshi hamsin fa a lokacin. Ta nemi aiki ta intanet, wata makaranta a ƙasar waje ta ce ta koyar da yaransu darasi ɗaya ta bidiyo su gani. A ɗakina ta yi, don network ya fi kyau a wurina. Ina bayan labule ina jin yaran suna dariya suna maimaita abin da take faɗa. Bayan 'yan kwanaki suka ce sun ɗauke ta.

Mun ɗauka an gama. Ashe ba a ma fara ba.

Saura bizar aiki. Ƙasar ba ta da konsula mai ba da biza a nan Cotonou, sai an je Accra. Ta haɗa dosiye: fasfo, takardun jami'a, takardar likita, takardar da ke nuna ba ta taɓa shiga hannun hukuma ba, duk an fassara an buga hatimi. Ta samu randebu, wato ranar da za su gan ta, ta hau mota ta bi ta Lomé.

Suka mayar mata da dosiyen.

Kun san dalili? Sunanta. A fasfo ɗinmu na nan an rubuta shi irin na Faransanci, Salamatou. A takardar jami'ar Najeriya kuma Salamatu. Sunan babanta ma a can an ƙara masa harafi. Ma'aikacin ya ce a wurinsu waɗannan mutum biyu ne, ba zai iya karɓa ba sai hukuma ta shaida mutum ɗaya ce. Bai yi mata wulaƙanci ba, aikinsa ya yi. Amma ta dawo hannu rabbana.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin, ta riga ta ajiye aikinta. Mai kolejin ya ce ta ba shi amsa kafin a dawo daga hutu, ko tana nan ko ba ta nan, ita kuma ta ce ba za ta riƙe wa yara aji da ƙafa ɗaya a waje ba. Aka ɗauki wani a gurbinta. Ga shi babu nan, babu can.

Zongo kuwa kun san mu. Magana ta zaga. Wasu na cewa damfara ce irin ta intanet. Wasu na cewa ina aka taɓa ganin mai fasfo ɗin ƙasar Faransanci ta je koyar da Ingilishi. Shi kansa Alhaji Ɗanjuma, a gabana ya ce mata, "Salamatu, ki zauna ki riƙe jikoki. Abin da kike nema a can, me ya hana ki same shi a nan? Ci ne ko sha? Ni zan riƙe ki."

Ta ce, "Na sani, Yaya. Allah ya saka. Amma ba ci da sha nake nema ba."

Na je gaishe ta washegarin dawowarta, ina ta shirya kalaman lallashi a hanya. Na tarar ta baza takardu a tabarma, da gilashinta a hanci. Ta ɗago ta dube ni, ta ga idona ya yi ja.

"Ke kuma lafiya?"

"Tanti, an ce sun hana."

"To me nake ce muku in jimla ba ta fito ba?"

Na fashe da dariya cikin hawaye. Ashe duk shekarun nan ta san sunan da muka laƙaba mata.

Daga nan ta shiga zarya. Yau meri, ofishin magajin gari, gobe kotu, jibi a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Ta koma har jami'arta a Najeriya don su ba ta shaidar cewa ita ce ɗalibarsu. Ranar da na raka ta kotu ruwa ya kama mu a hanya, titi ya cika, ta tura dosiyen cikin leda ta cusa a ƙarƙashin hijabinta, mu kuma muka jiƙe sharkaf. Ko a jikinta. Tana ta ba ni labarin yaran da ta gani a bidiyo, wai akwai wata mai giɓi da ta ce mata tana son ɗankwalinta.

Yadda Alhaji ya juya kuwa, abin dariya ne. A wurin wani suna, maza na zaune bayan an shafa fatiha, wani abokin cinikinsa ya ce, "Alhaji, ina labarin Baturiyar gidanku? Har yanzu jirgin bai zo ba?" Aka kwashe da dariya. Waɗanda ke wurin sun ce Alhaji ajiye goronsa ya yi ya miƙe. Ya ce, "Ni na isa in faɗa mata. Kai ba ka isa ba. Kuma da ikon Allah sai ta je." Ya sa takalmi ya fita ko abinci bai tsaya ci ba.

Randebu na biyu, shi ya kai ta Accra da motarsa. Da kansa ya tuƙa. Ba a barin ɗan rakiya ya shiga, sai ya zauna a gindin wata bishiya tsallaken titi da carbinsa, ya ƙi ko shan ruwa har ta fito.

Ita ta ba ni labarin abin da ya faru a ciki. Ta ce wannan karon mace ce a bayan gilashi. Ta duba takardu ɗaya bayan ɗaya, ta ga shaidar kotu, ta gyaɗa kai. Sai ta ɗaga fasfo ɗin ta ce da Ingilishi, "Ƙasarku Faransanci ake yi. A ina kika samo Ingilishin da za ki koya wa yaranmu?"

Tanti ta ce wannan ce tambayar da take tsoro tun farko. Duk amsar da ta haddace ta gudu. Sai kawai ta faɗi gaskiya. Ta ce a kasuwa ta fara jin sa, tana zaune kan dilar atamfa kusa da mahaifiyarta. Ta ce daga baya ta sha wahala kafin ta raba na kasuwa da na littafi. Ta ce, "Ba a haife ni da shi ba, koya na yi. Shi ya sa na san inda yake yi wa yaro ciwo."

Matar ta sauke fasfo ɗin. Can ta yi murmushi ta ce ita ma koya ta yi, kuma har yau akwai kalmomin da take gudu. Suka yi dariya tare. Ta karɓi fasfo ta ce a je a jira.

Jiran nan shi ya fi komai wuya. Aka buɗe makaranta a can, Tanti tana nan. Suka aiko cewa za su riƙe mata gurbin zuwa ƙarshen wata, bayan nan sai su nemi wani. Ta rame, amma ba za ka ji ta tana ƙorafi ba.

Ganina da ita na ƙarshe, Asabar ɗin da ta wuce ne, a Missèbo. Na je neman wa yara kaya wajen 'yan gwanjo, rana tana dukan tsakiyar kai. Sai na hango wata mata cikin wata ƙatuwar rigar sanyi mai gashi a wuya, har gwiwa, tana jujjuyawa gaban guntun madubi, gumi na zuba. Mai kayan yana riƙe da madubin yana ta yaba ta da Ingilishinsu na kasuwa, ita kuma tana mayar masa irin nasa tana cewa ya daina zaƙin baki, zif ɗin ba ya tafiya.

Na ce, "Tanti! Bizar ta fito ne?"

Ta ce, "Ba ta fito ba tukuna."

"To rigar fa?"

"In ta fito ba za a ba ni lokacin sayayya ba. In kuma ba ta fito ba, riga ba ta ruɓewa, zan sake nema. Zo ki ja min zif ɗin nan."

Na ja mata har wuya. Muka tsaya tsakiyar kasuwa muna dariya kamar mahaukata, masu turin kaya suna ta yi mana tsawa mu ba su hanya. Da za mu rabu ta riƙe hannuna ta ce, "Hadiza, kar ki bari wani ya ce miki lokacinki ya wuce. Ko ni ce na faɗa miki, kar ki yarda."

Yadda ta faɗa haka aka yi, ba a ba ta lokaci ba. Fasfo ya iso, makaranta ta turo tikiti nan take. Ko sallama ba mu yi ba. Alhaji ya ce ta ce a ba ni haƙuri, wai in ta tsaya sallama da ni kuka za mu zauna yi har jirgi ya tashi.

Na haƙura, Tanti. Amma sai da na yi kukan, ni kaɗai, a bayan biro.

Ya Allah, kai ka buɗe mata wannan ƙofa, ka sa ta zama ta alheri. Ka haɗa ta da mutanen kirki, ka kare mata lafiyarta da addininta, ka sa yaran nan su so ta yadda muka so ta. Ka jiƙan mahaifiyarta da mijinta. Ka saka wa Alhaji. Duk wanda ke riƙe da dosiye yana zarya don neman halal ɗinsa, namiji ko mace, yaro ko babba, ka sauƙaƙa masa.

Ran Litinin za ta shiga ajinta na farko. Na duba bambancin agogo, daidai lokacin da za ta tsaya gaban yaran, mu nan muna idar da sallar asuba. To kun ga babu mai uzuri. Don Allah, kafin ku naɗe darduma, ku ambaci Tanti Salamatu.