Sawun Keke

Ni ban yi boko ba. 'Yata Zulai ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa, muna zaune a flat ɗinmu, gidan bene a unguwar Peckham ta London. Na ce mata in na yi kuka ta ajiye biro ta jira ni. Tun da aka fitar da keken Malam, marigayi mijina, daga bakin ƙofar nan, wata tatsuniya ta kakata ta hana ni sakat.

Iya muke ce mata, ita ta haifi babana. A ƙauyenmu can bayan Jibiya, in an ci tuwo an kwashe kwanuka, ba ta barin wutar murhu ta mutu. Takan turo kara ɗaya ɗaya, mu kuma mu kewaye ta, muna gasa gyaɗa a toka. Idonta ɗaya ya yi fari, kuma da shi take kallon wanda ya cika surutu. Ba ta fara tatsuniya yadda kowa ke farawa. Sai ta ce ga baƙuwa nan a ƙofa, wa zai ba ta tabarma? Mu ce ta shigo ta zauna.

Akwai abin da matan garinmu ke yi a lokacin. In namiji zai yi tafiya mai nisa, matarsa takan bari ya sha kwana, ta fito ta ɗebi ƙasar sawun ƙafarsa ta dama, ta ƙulle a tsumma ta ɓoye ƙarƙashin gado. Ranar da ya dawo ta kwance ta zubar a ƙofar gida. Malamai suna cewa camfi ne, mata suna cewa to, suna kuma yi.

Iya ta ce an yi wani mai tallan turare da allura, shi ya fara sayen keke a garinsu. Ranar da zai yi tafiyarsa ta farko, tun daga cikin zaure ya hau, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Matarsa ta fito da tsummanta ta duba, babu dunduniya, babu yatsu, sai layi ɗaya siriri kamar maciji ya wuce. Ta rasa yadda za ta yi, sai ta ɗebi ƙasar layin ta ƙulle.

Ana nan, ran nan da magariba ta ji ƙararrawa. Ta fito da ruwa a ƙoƙo. Ga keke ya shigo zaure ya jingina da bango, feda tana juyawa, kaya ɗaure a kariyar baya ko allura ba ta ɓace ba. Babu kowa a kai. Ta ɗora hannu a sirdi ta ji shi da ɗumi.

Nan Iya takan tura kara a wuta, mu kuwa mu matse da juna. Sai ta ce, “Abin da ta ƙulle shi ya dawo mata.”

Aka kira maharba su bi sawu. Suka tsaya kan layin suna jayayya, don sawun keke ba ya nuna inda aka dosa da inda aka fito. Suka koma gida. Keke kuwa kullum da asuba ya fita, da magariba ya dawo, sirdi da ɗumi. Matar ba ta zama mai miji ba, ba ta kuma shiga takaba ba. Uwar mijin ta yi ta roƙonta ta kwance ƙullin nan, ta ƙi. Ta ce ɗumin sirdin nan shi kaɗai ya rage mata.

Sai da ta rame, mutane suka daina bi ta ƙofar gidan, sannan wata safiya ta kwance ta mayar da ƙasar kan hanya. Keke ya fita, bai dawo ba. Ba a jima ba wasu baƙi suka zo daga gari mai nisa. Suka ce sun daɗe da binne wani matafiyi da suka tsinta ƙarƙashin tsamiya, ba su san danginsa ba, sai ga keke kwance kan kabarin, su kuma suka biyo layinsa har nan. A ranar ne matar ta yi kukanta, aka yi sadaka. Iya takan ce baƙuwa ta naɗe tabarma, kowa ya je ya kwanta. Ni dai ban taɓa kwanciya ban toshe kunne ba.

Malam mutumin Damagaram ne, ya yi karatun Faransanci, aikin fassara a gidan rediyo ya kawo mu London. Da ya yi ritaya likita ya ce sai ya riƙa motsa jiki saboda ciwon suga. Ya sayi keke, ya haɗu da wasu tsofaffi 'yan unguwa, duk bazara su tsallaka ruwa zuwa Faransa su yi ta bin ƙauyuka. Nakan ce masa tsoho da jikoki, ga matsattsen wando, ga hula kamar an kifa ƙoƙo. Yakan ce ai kishi nake da keken.

Yana turo mini hotuna a waya. Hanyoyi ne sirara tsakanin gonakin alkama da inabi, da gefen wani dogon rafi mai bishiyoyi a jere. Ƙauyukan su ne ba sa yi mini daɗi. Rana tsaka, tagogi duk a rufe da katako, ko akuya babu a titi. Akwai wata gona ta furanni masu manyan kawuna, duk sun juya fuska gefe ɗaya kamar suna kallon wani da ke tahowa bayansa. Na ce masa ina mutanen garin? Ya yi dariya ya ce suna cin abinci.

Bara ya ce wa abokansa ya gaji, ya zauna ƙarƙashin wata bishiya a bakin rafin. Suka je nemo masa ruwa. Kafin su dawo Allah ya karɓi abinsa. An kawo shi, an yi masa sutura a nan. Bayan kwanaki wani abokinsa ya turo keken ya shigo da shi ƙofar nan, jakunkuna ɗaure, dardumarsa da sauran dabinonsa a ciki. Da na ga keke ya shigo babu Malam, sai na ji warin hayaƙin murhun Iya.

Na hana a taɓa shi. Kullum bayan sallar asuba nakan ɗora hannu a sirdin, kuma wallahi da ɗumi nake jin sa. Zulai ta ce ai jikin hita mai ɗumama ɗaki yake. In jirgin ƙasa ya wuce ƙararrawar takan yi ɗan motsi. Na san jirgi ne. Duk da haka nakan amsa sallama.

Ɗan Zulai sunan Malam gare shi, don haka ban taɓa kiran sunansa ba, angona nake ce masa. A nan aka haife shi, yana jin Hausa amma da Turanci yake mayarwa. Da bazarar nan ta kama ya ce yana son keken. Zai bi hanyar da kakansa ya bi, har gindin bishiyar, ya yi masa addu'a a can. Na ce ko zai mutu ba zan ba shi ba. Na ce ango ɗaya keken nan ya ɗauke mini, ba zai ƙara ba. Ya ce shi ai bai da suga, kuma tsohuwar amarya irina ba a gudunta. Ban yi dariya ba.

Don in tsorata shi na zaunar da shi na ba shi tatsuniyar Iya, Zulai tana cike masa inda bai gane ba. Tun ina yarinya abin da na ɗauka shi ne keke mugun abu ne, mai sace mutum. Amma da na kai wurin da uwar mijin ke roƙon matar, sai na ji tamkar ni take roƙo. Ashe Iya ba labarin keke take ba mu ba. Ita ma mijinta fatauci ya tafi bai dawo ba, ban kuwa taɓa tambayarta abin da ke ƙarƙashin gadonta ba.

Yaron ya riƙe hannuna, ya lallaɓo Hausarsa ya ce, “Kaka, keke yana so ya je wajen kabari.”

Na ce kabarin kakanka yana nan London, sakarai. Amma na gane abin da yake nufi, na bar masa keken.

Ranar tafiyarsa na sa ya cire takalmi. Garin nan duk kwalta ne da siminti, babu inda mutum zai bar sawu, sai na jawo faffaɗan bahon da Malam ke shuka barkono a baranda, na ce ya taka. Ya taka yana dariya. Ga dunduniya, ga yatsu, har da karkataccen ɗan yatsa irin na kakansa. Tsummana yana hannuna. Na daɗe ina kallo, sannan na mayar da tsumman cikin zane. Na ce Allah ya kai ka, Allah ya dawo da kai, shi ne mai ƙulli.

Yanzu yana can. Jiya ya turo hoton gonar furannin nan, har yanzu suna kallon gefe ɗaya. Ban ɗebi ƙasar ba, amma in zan ba barkono ruwa ta gefe nake zubawa. A bakin ƙofa kuma taya ta bar layi a kan kafet, Zulai ta goge ya ƙi fita. Nakan tsaya in kalle shi bayan asuba. Ba ya nuna fita ce ko shigowa, ni kuwa na bar ƙofar ɗakina a buɗe don in ji ƙararrawa.