Labulen hoto a fadamar Kudan

Mun tashi da asuba daga Ikara, ni da ƙanena mai ɗaukar hoto a Zariya, ko kununa ban shanye ba. Ni ba mai son tafiya ba ce, biki ma sai an ja ni. Amma ya ce wani malamin kwaleji na neman hoton baƙin tsuntsayen nan da ke sauka bayan damina, waɗanda aka ce daga ƙasar Turawa suke zuwa. In hoton ya yi, za a ɗauke shi aiki. "Yaya, ke ce mai gane tsuntsu da kukansa," in ji shi. Gaskiya ne. Shekara nawa ina tsakar gida ina jin su.

A kan buhunan dawa muka zauna cikin motar kaya. Damina ta cinye hanya, kowane rami sai da ƙuguna ya gaishe shi. A Makarfi na sayi ƙosai da mazarƙwaila ta taro, ba ta kai daɗin ta bara ba.

Bayan gari na ji siririn kukan nan da ba na tsuntsayenmu ba. Ina nuna masa wurin, sai ƙanen nan nawa ya warware labulen shagonsa mai zanen gidan bene, ya ɗaure a jikin ƙaya, wai tsuntsu ya zo ya tsaya a gaba. Ya miƙe da farin kaftani yana cewa, "Yauwa, a tsaya haka." Wa zai tsaya? Hoto goma sha biyu fim ɗinsa ke ɗauka, tara suka tafi a kan reshen da babu kowa.

Washegari muka kai Kudan, muka taka da ƙafa har fadama, rake ko ta ina. Ga su nan, 'yan ƙanana masu rawayan ƙirji, suna bin sawun shanu suna kaɗa jela. Ya sake ɗaura labule, biyu suka sake tafiya. Wani Bafulatani da ke kiwo a wurin ya ce, "Malam, shanun ma tsoron benen nan suke."

Na gaji ƙwarai. Na ce, "Kwance shi ka shimfiɗa, ka kwanta a kai. In na zauna tsintar shinkafa, kaji mantawa suke da ni. Kuma kar ka dasa tsuntsun a tsakiyar hoton kamar ango. Matafiyi ne, bar masa fili a gaban bakinsa."

Ya dubi kaftaninsa, ya dubi taɓo, ya kwanta. Tun hantsi har kusan azahar. Cinnaku suka yi ta cizona, ban ko sosa ba. Can na ji kukan dab da mu, na ce a hankali, "Hagunka." Ya danna.

Da na dawo gida kwana uku ina gasa ƙafafuna da ruwan zafi. Bayan mako ya zo da hoton: tsuntsun a gefe, ƙafar saniya a bayansa, fili shimfiɗe a gabansa. Malamin ya karɓa, farkon wata ƙanena zai fara aiki.

Abin da na koyo shi ne, tsuntsu ba ya zuwa shagonka, kai za ka sauka ƙasa inda yake, ka yi shiru. Labulen kuwa taɓo bai fita ba. A kansa nake shanya kuɓewa yanzu.