Baba Ladan, wanda ya bar kujera tun da ƙarfinsa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin fita ofis sai ga kiran Bello, ɗan Baba Ladan. Ya ce, "Yaya Sani, Baba ya cika."

Ya dawo sallar asuba da ƙafarsa, ya kishingiɗa a zaure, shi ke nan.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne maigidana na farko a wurin aiki, a wani ofishin gwamnati da ke Sama Road. Na zo daga ƙauye da 'yar jakata, ban san kowa a Sakkwato ba. Da aka tashi aiki ya gan ni ina tsaye a bakin ƙofa, ya ce, "Kai ɗan nan, ina za ka kwana?" Ya buɗe mini mota ya kai ni gidansa a Ƙofar Atiku. A can na zauna har na yi aure.

Ana gab da ba shi darakta sai matarsa, Hajiya Inno, ta sami shanyewar ɓarin jiki. Ba a jima ba muka ji ya nemi ritaya, alhali da sauran shekarunsa da yawa.

Ofis ya ɗauki surutu. Wasu suka ce asiri aka yi masa. Ni ma na kasa haƙuri, na same shi na ce, "Baba, ai ana iya ɗauko mai jinya."

Ya yi murmushi ya ce in zauna. "Lokacin da Nasara sunka shigo garin ga, kakana na cikin malaman da anka ɗauka, yana yi musu rubutun ajami. An ba shi doki, kullum yana bin Bature rangadi. Wata rana ya dawo daga doguwar tahiya, ɗiyarsa ƙarama ta gan shi ta ruga bayan uwarta tana kuka, ta ɗauka baƙo ne. Da gari ya waye ya mayar musu da dokinsu, ya koma fadamarsa bakin gulbin Rima. Mutane sunka yi ta dariya. Ni kuwa a hannunsa na koyi Fatiha."

Ba zan ce abin ya zo masa da sauƙi ba. Fansho ya yi ta jan ƙafa, har ya sayar da mota ya koma hawa mashin. Masu cika zaurensa da gaisuwar sallah suka ɗauke ƙafa. Idan an yi masa zancen sai ya ce, "Kujera sunka zo gaidawa, kuma ta tashi."

Shi ke kai Hajiya asibiti gashin jiki, shi ke riƙe ta tana koyon taku a tsakar gida. Na taɓa shiga na iske shi yana dama mata kunu, tana yi masa faɗa wai ya cika tsamiya, shi kuwa sai dariya yake. Ta tashi har tana zuwa unguwa da sanda. Ta yi shekaru masu yawa bayan nan, kuma da lokacinta ya yi yana kusa, shi ya laƙƙana mata kalmar shahada.

Ya farfaɗo da fadamar kakansa. Albasar da muke ci a gidana duk rani daga can take. Haddar da ya ajiye tun yana saurayi ya koma ya ƙarasa ta, da furfurarsa, aka yi walima muka ci waina.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a watan jiya ce, a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, muna shan fura. Na gaya masa mahaifiyata ta tsufa ƙwarai a ƙauye, ta ƙi yarda ta dawo birni, ga shi kuma ana maganar ƙara mini girma.

Ya juya ludayi a ƙwarya ya ce, "Ba ni ce maka ka aje aiki, kowa da nauyin da ke kansa. Amma tsohuwa ba ta jiran ka zama darakta."

Makon da ya wuce na sanar da ofis cewa ƙarshen shekarar nan zan ajiye aiki in koma wurin tsohuwa. Na bari sai ranar Juma'a in zo in gaya masa baki da baki, in ga yadda zai yi dariya. Allah bai nufa ba.

Na yi kuka da safe, amma zuciyata a sanyaye take. Mutumin nan ya mori kwanakinsa, ya tafi ba wanda ke jin haushinsa.

Za a yi jana'iza a gidansa bayan azahar. Allah Ya jiƙan Baba Ladan, Ya haskaka kabarinsa, Ya haɗa shi da Hajiya Inno a Aljanna Firdausi, Ya ba Bello da 'yan'uwansa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a, ko da Ƙulhuwallahu ce.