Kullutu a Wuyan 'Yar Kyanwa

Ba zan manta da safiyar da maƙwabciyata ta tare ni a ƙofar gida ba, ina dawowa daga fadamar shinkafa. Ta ce, "Malam, 'yar kyanwar marigayiya tana da kullutu a wuya." Sai da na dafa bango.

Wata huɗu ke nan da rasuwar matata. Kullutu ne ya fito mata a nono, ta ɓoye kusan shekara, domin ta ce ba ya ciwo. Da muka isa asibitin Dosso, an riga an makara. Kyanwar kuwa ita ta tsinto ta a bakin kogi, wajen masu sayar da kifi, idonta bai gama buɗewa ba. Bayan an watse daga zaman makoki, daga ni sai ita a gidan.

Na shafa wuyanta, na ji abin kamar ƙwayar gujiya a ƙarƙashin fata. Na sa ta a kwali, na hau kabu-kabu zuwa wajen likitan dabbobi. Mai babur ya yi ta dariya, wai tun da yake a Gaya bai taɓa ɗaukar kyanwa zuwa likita ba, ko dai ita ce za ta gaje ni.

Makiyaya na zaune da awakinsu, ni da kwalina a cinya. Da aka zo kaina, likitan ya buɗa gashin ya nuna mini wani ɗan rami a tsakiyar kumburin. Ya ce tsutsar ƙuda ce, tana shiga fatar ƙananan dabbobi idan suna kwanciya a damshin ƙasa, ta ramin take numfashi. Ya toshe shi da man kaɗe. Can sai ga tsutsar ta leƙo, fara, ya zare ta a hankali ya wanke wurin.

Na tambaye shi ko abin zai kashe ta. Ya ce yawancin kullutun ƙananan kyanwoyi tsutsa ne ko mugunyar cizo, suna warkewa. Sannan ya ƙara da cewa, "Baba, wanda ake tsoro shi ne mai tauri, yana girma, kuma ba ya ciwo."

Na yi masa godiya na fito. A ƙafa na koma gida, ban iya hawa babur ba.

Kyanwar ta warke, ta girma, har ta haihu sau biyu. Abin da na koya a ranar shi ne, rashin ciwo ba shaidar lafiya ba ne, kuma kullutu ko na wane ne, a kai shi gaban wanda ya sani tun yana ƙarami. Muna da 'ya mai aure a Tanda, ya kamata ta ji wannan daga bakina. Amma ita ce 'yarmu ta fari, kuma akwai kunya tsakanin uba da 'yar fari. Har yau ban faɗa mata ba.